Kiran Shanun Baffa Buba

Duk yaron da ya shigo shagon nan ya ce in koya masa saka sauti a gem, tambaya ɗaya nake fara yi masa: wane irin ƙara ƙauye yake yi da azahar? Yawancinku sai ku yi dariya, ku ce ai ƙauye shiru ne. Wani ma cewa ya yi, "Baba Hamisu, ai komai yana intanet, saukewa kawai ake yi." To, sauke mana. Za ka samo kukan saniyar Turawa wadda ba ta taɓa ganin rani ba, da zakaran da bai san shaho ba, ka liƙa su a kan bukkokin Hausa ka ce ka gina daula. Mai buga gem ɗin ba zai san abin da ya dame shi ba. Zai dai ji kamar garin ba kowa, ya goge ya nemi wani.

Ku gyara zama a bencin nan, ku ajiye wayoyin. Irin gem ɗin da na yi wa aiki shi ne wanda ake ba ka 'yan bukkoki da rijiya, ka yi noma, ka cika rumbu, ka kafa kasuwa, ka zagaye gari da ganuwa, in ka yi ƙarfi ka fita ka ci garuruwan maƙwabta har ƙasa ta zama taka. Masu zane suna zanawa, masu kwamfuta suna tsara yadda komai zai motsa. Ni nawa aikin na kunne ne. Mutum yana kwance a ɗakinsa a Kano, ni zan sa ya ji ƙafarsa tana nutsewa cikin rairayin garin da yake ginawa.

A Katsina na koyi aiki, wajen Malam Lawal mai ɗaukar wasan kwaikwayon rediyo da mawaƙan biki, tun zamanin kaset. Shekarata ta farko ko makirfo ban taɓa ba, wayar wuta nake naɗewa. In na naɗe ta karkace ya warware ta a ƙasa ya ce in sake. Ranar da ba aiki sai ya kai ni bakin tasha ya zaunar da ni, ya ce in rufe ido in faɗa masa duk abin da nake ji. In na ce mota, ya ƙwanƙwashe ni da biro a ka. "Wace mota? Tahowa take ko tafiya? Da kaya ko wayam?" Shi ya fara nuna mini cewa abin gaskiya ba kullum yake fita kamar gaskiya a rikoda ba. Ka ɗauki ƙarar wuta tana ci, in ka saurara sai ka ji kamar ana murza takarda. Amma ka samu busasshen karan dawa ka riƙa karya shi a hankali a bakin makirfo, duk wanda ya ji zai ce jinka ce ke ci da wuta. Kofato kuwa ƙoƙo biyu ne a kife a kan yashi. Kibiya tsumagiya ce.

Da kaset ya mutu na dawo gida Batsari ina zuba wa mutane waƙoƙi a memori, har wani yaro ɗan Kaduna, wanda kowa ke kira Injiniya, ya nemo ni. Shi da abokansa ne suka haɗa gem ɗin. Ɗan cikina ne a shekaru, amma shi ne maigida, kuma yana da kunne, wannan ba zan hana masa ba. Ya aiko mini da ƙaramar rikoda, da abin kunne mai rufe kunnuwa ruf, da laftof tsohuwa mai zafi kamar kasko. Soson da ake sa wa makirfo don iska ya ɓace tun a makon farko, na sa masa safa, kuma da safar nan na yi aikin gaba ɗaya.

Ƙofar gari ce aikina na farko. Injiniya yana so in an buɗe ƙofar ganuwa mutum ya ji nauyinta. Na zagaya na zagaya, ƙofofin yanzu duk na ƙarfe ne, kukansu siriri. A Wagini na samu wani tsohon ƙyauren itace a zauren wani dattijo, na durƙusa a gindinsa ina ta buɗewa ina rufewa, mai gidan yana kan buzu yana kallona da tausayi. Da na gama ya ce, "Malam, in gyara ne ka zo yi, ai mai ake ɗiga masa." Na roƙe shi don Allah kada ya ɗiga.

Daka ta fi wannan wahala. Matan gidan suna ganin makirfo sai su saki dakan gaske su koma lugude, ana jefa taɓarya sama ana tafi, don a ji su a waya. Lugude yana da daɗi, amma ba shi ne ƙarar gari da hantsi ba. Abin da nake nema shi ne dakan matar da ta gaji, mai tsayawa ta share gumi ta tsawata wa akuya ta ci gaba. Sai da na nemi izinin mai gidan na ajiye rikoda cikin kwando a gindin turmi, na fita na zauna a waje har suka manta da ita. Haka na ɗauko shirun azahar ma, wanda kuke cewa ba komai a cikinsa: kurciya daga nesa, ƙuda, jaki yana kaɗa kunne, wani yana tari a cikin zaure. Wannan shirun ake shimfiɗawa a ƙasan komai. In babu shi, sauran sautin duk yawo yake a iska.

Sai ku san masu buga gem. Ba ka ganinsu, amma ba abokin cinikin da ya kai su ƙorafi. Kunnensu yana saurin sabawa, in suka ji zakara ɗaya ya yi cara iri ɗaya sau uku, shi ke nan sun gano ka. Don haka muka tsara cewa kwamfuta ce za ta riƙa zaɓar lokacin da kowane sauti zai fito, yau a farko, gobe a ƙarshe, ko ni da na saka ban san inda zai faɗo ba. Ga kuma wayoyin mutanenmu ƙanana, ba su da ciki. Duk sautin da ka ƙara, sai an cire wani. Ku riƙe waɗannan abubuwa biyu, za ku ga inda suka kai ni.

Aikin shanu shi ne wanda na zaunar da ku dominsa. Injiniya ya ce garke yana tafiya a gem ɗin kamar hoto, ba rai. Na ce na san wurin zuwa. Baffa Buba Bafillace ne da rugarsa ke gefen Babban Duhu. Tun ina yaro shanunsa ke shiga gonar mahaifina bayan girbi, su ci kara su bar mana taki, matarsa Goggo Hajjo kuma ta sha cika mini ƙoƙo da nono ba ta karɓi komai ba. Na hau babur da goro da sukari da ganyen shayi na same shi. Muka gaisa, ya tambayi gida da yara da damina, ya tambayi ƙafar mahaifiyata, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Baffa, muryarka na zo roƙo."

"Murya? Ita ma yanzu ana aronta?"

Na ce wasa ne na waya, gari ake ginawa a ciki, da yamma shanu suna dawowa gida, ina so yara su ji ana kiransu. Ya yi dariya har hularsa ta goce. "To madalla. Gara 'yan birni su san madara ba a gwangwani take tsirowa ba."

Da rana ta yi ja ya tsaya a bakin ruga, ya gicciya sanda a kafaɗa ya buɗe baki. Kiran daga ƙirji yake farawa, ƙasa-ƙasa, ya hau, sai ya karye a tsakiya kamar na mai shirin kuka, sannan sunaye su biyo. Sunan farko kullum Wule ne, wata saniya mai farin goshi da ke ja wa garken gaba. A cikin abin kunne na ji ta amsa daga bayan kalgo, na ji kofatai sun juyo, ƙahoni suna haɗuwa, maruƙa suna amsawa daga dangwali, igiyar da ake ɗaure su. Tunda nake aikin nan ban taɓa ɗaukar abu mai kyau irin wannan ba. Na kai shi na ɗora a daidai faɗuwar rana a gem ɗin, na kwana biyu ina saurare ina jin kaina wani ne.

Ba a daɗe ba ƙorafi ya taso ta wani gefen. Masu bugawa suka ce hari ba ya ratsa su. Injiniya ya kira ni ya ce, "Baba, mutum yana kore shanun gari guda, amma kamar ya ɗauki tsinke a hanya. A nemo abin da zai taɓa zuciya." Akwai ganga a ciki, akwai wutar karan dawa, akwai ihun mata da 'yan wasan kwaikwayo suka yi mana a Kano. Duk da haka abin bai kama ba. Ba Injiniya ne ya kawo dabarar ba, ni ne. Na ɗauko kiran Baffa na tura shi baya, na rage masa ƙarfi kamar na mutumin da aka bari a nesa, na dama shi da ihun da wutar. Karyewar nan ta tsakiya, wadda a ruga lallashi ce, a nan sai ta koma kuka sosai. Injiniya ya saurara, ya ce, "Wannan ne." Da yake wuri ya yi kaɗan, aka cire dawowar shanu ta yamma gaba ɗaya, wai tana ɓata wa masu bugawa lokaci. Kiran ya saura a wuri ɗaya tak, wurin hari. Yabo ya yi ta zuwa. A lokacin kuwa an riga an fara kore shanu a yankinmu, ba zan ce ban sani ba. Cewa dai muke can cikin daji ne, ni kuma na ce wa kaina ai wannan yaƙin zamanin da ne, da kwari da baka.

Shekarar da abin ya iso kowa, kun san ta, wasunku a cikinta kuka baro ƙauyukanku. Fita da rikoda ta ƙare, don duk wanda aka gani a daji da na'ura da abu a kunne, infoma za a ce masa ta kowane ɓangare. Aka ɗauke sabis, ba halin aika aiki. Injiniya ya sayar da gem ɗin ga wasu mutane a ƙasar waje ya kama wata hanya. Ana cikin haka janareton maƙwabcina ya yi tsalle ya ƙone laftof ɗin ƙurmus. Memorin rikoda ɗaya ne gare ni, in ya cika in kwashe a laftof in goge, saboda haka ƙyauren Wagini, da dakan, da shirun azahar, da kiran Baffa tsantsarsa, duk suka tafi tare. Abin da ya rage mini shi ne gem ɗin kansa a waya, kamar kowa.

Wata safiya ina buɗe shago sai ga Goggo Hajjo, da ƙyar na gane ta. Ta ƙi zama. A tsaye ta gaya mini an kore musu garken duka, Baffa ya bi su yana kira, wani ya juyo ya doke shi da gindin bindiga a maƙogwaro. Ya rayu, amma murya ba ta dawo ba, sai raɗa. Suna zaune a wani kango a Safana. Yanzu an ƙwato wasu shanu an killace su a wani fili, kuma Wule tana ciki. Ɓarayin sun sake yanke mata kunne, shaidar ta ɓace, ga wani bawan Allah daga Tsaskiya, shi ma an kore nasa, yana rantsuwa tasa ce. Dattawa sun hana kowa matsawa kusa, don an kama masu shafa kanwa a tafin hannu saniya ta lasa a ce ta san su. Hukuncin shi ne kowa ya tsaya daga nesa ya kira. Wadda ta fito, ta mai kiran ce.

"Yau ne, kafin azahar," ta ce. "Na tuna ka zuba muryarsa a akwatinka. Ka taho da ita."

Saniya ɗaya ce tsakaninsu da yawon bara. Na ce, "To, Goggo," na rufe shagon muka hau babur.

Filin cike yake da mutane, kuma babu wanda ya zo kallo. Duk wanda ke wurin an kore masa wani abu, wasu an kashe musu. Shanun sun cure a tsakiya, sun rame, ko ganye ya motsa sai su zabura. Baffa yana tsugune a gefe da igiya a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da leɓe. Na je wajen wakilin hakimi na ce muryar mutumin nan tana cikin wayata, ya juya ya tambayi jama'a, waɗanda suka san Baffa suka ce in tasa ce za su gane. Mutumin Tsaskiya ya fara kira, ya kira har ya gaji, ba wadda ta ɗaga kai. Aka aro mini lasifikar wani mai tallan magani, aka ce bismillah.

Ku da kuke buga shi kun san ba a tsallake hari. Sai ka zaɓi gari, ka tura mayaƙa, ka danna. Kuma na gaya muku kwamfuta ke zaɓar inda kiran zai faɗo, ba yadda zan rage ƙara in jira shi, ga shi an dama shi da sauran kamar fura da nono. Na tsaya a tsakiyar fili da furfurata, na zaɓi wani ƙauye mai shanu, na danna.

Ganga ta tashi. Sai ƙafafu, sai ihun maza, sai wutar karan dawan nan da Malam Lawal ya koya mini, wadda duk wanda ya ji zai ce jinka ce. Sai ihun mata. Wata mata ta suri ɗanta ta ruga, zanenta yana jan ƙasa. Wani dattijo ya zauna daɓas ya toshe kunnuwa yana salati. 'Yan sa-kai biyu suka juya suna duban bakin daji. Na so ƙasa ta tsage in shige, kunya irin wadda ban taɓa ji ba tunda uwata ta haife ni, amma ban kashe ba, don kiran bai zo ba tukuna. Sai da ihun ya kai ƙarshensa ya fito, can daga baya, ya hau, ya karye, ya ce Wule.

Ta ɗaga kai. Ta ture na gabanta da ƙaho ta fito, tana tafe tana amsawa, har ta iso ta sa hanci a bakin lasifikar da ke hannuna. Ta shinshina ba ta ga kowa ba. Sai ta juya, ta hango shi a tsugune, ta je ta tura kanta cikin ƙirjinsa har ta kusa kayar da shi. Mutumin Tsaskiya ya ce, "Tasa ce. Allah ya sa albarka," ya ɗauki sandarsa ya wuce. A daidai nan wayata ta saki kiɗan nasara, wanda ni na haɗa shi da kalangu da guɗa, tana taya ni murnar shanun da na koro. Na yi ta lalube na rasa inda ake kashewa, sai da wakilin hakimi ya ce, "Malam, ya isa haka."

Baffa ya gama ɗaure mata igiya, ya yafito ni da hannu. Na durƙusa na kai kunnena bakinsa.

"Ka ce da yamma suke dawowa."

"An canja, Baffa."

"Wa ke kora su?"

"Mai riƙe da wayar."

Ya ɗan jima yana shafa farin goshin. "Shi mai kiran, yana samunsu?"

"A'a, Baffa."

"Kullum?"

"Duk lokacin da aka danna."

Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "To ka cire shi ya huta, Hamisu. Ya yi iyakar kiransa."

Na ce to. Da sabis ya dawo na nemi Injiniya, ya ce shi yanzu ba shi da iko da ko ƙwayar gero a cikin gem ɗin. Waɗanda suka saya kuwa na neme su ta duk hanyar da na sani, ba wanda ya amsa. Ko da ma sun cire yau, yana nan cikin wayoyin da ba wanda ya san iyakarsu.

To, wannan ita ce sana'ar da kuke cewa saukewa kawai ake yi. Zan koya muku, ba zan ɓoye komai ba, da safar da ƙoƙon da karan dawa. Amma duk muryar da kuka roƙo, ku gaya wa mai ita ainihin inda za ku ajiye ta, in wurin ya canja ku hau babur ku koma ku sake roƙo. Wule ta haihu bara, suna samun nonon da za su sha. Ranar kasuwar Safana in muka haɗu da Baffa, bayan mun gama gaisawa yakan jawo hannun rigata ya kai bakinsa kunnena ya ce, "Ya huta?" Ni kuma in ce, "Ana kan aikin, Baffa."

Kai mai jar riga, tun ɗazu nake jin gangar nan tana tashi a ƙarƙashin benci. Kashe ta kafin ya fara kira.